Ƙwaryar Dudu

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Tudun Wada lafiya, ka tarar da baffanninka da iyalansu ƙalau. Allah Ya tsare maka hanya, Ya kiyaye ka tafe da zaune, Ya raba ka da sharrin mutum da na ƙarfe. Ka gaishe mini da Baffa Isa, ka ce ina yi masa sannu da jiki.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali wata da watanni muna gida ɗaya a nan Kiru tun da ka ajiye aikin ɗan sanda. To, ka san halin. Kai ne ɗan fari, ko sunanka na yanka ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da kai in yi ta zuba. Sau da yawa na tako har bakin ɗakinka da maganar nan a bakina, sai in ɓuge da tambayarka ko ka ci abinci. Shi ya sa na ɗauko biro. Da hannuna na rubuta, ban sa ƙanwarka ba, domin maganar ba ta kowa da kowa ba ce. Idan ka ga baƙaƙen sun karkace ka yi haƙuri, iya abin da na kwaso ke nan a ajin yaƙi da jahilci na matan bariki, lokacin muna Bebeji kana rarrafe.

Ranar da Alhaji Sabo, ɗan siyasar nan, ya zo da mutanensa kan maganar takararka ta kansila, ina bayan zaure ina ɓarar gyaɗa. Ba laɓe na yi muku ba. Alhaji Sabo ne in yana magana har maƙwabta sai sun ji. Na ji kana gwada jawabin da za ka yi ranar kasuwa idan ka hau duro. Ka faɗi shekarun da ka yi cikin kaki, ka faɗi garuruwan da ka zauna, duk na ji daɗi. Sai ka shiga labarin 'yan fashin nan da suke tare motoci a dajin da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Ka ce wani mai faci ne a bakin tasha ya ja ka gefe ya gaya maka inda suke ɓoye baburansu, saboda ya yarda da kai. Alhaji Sabo ya buga cinya, ya ce wannan ita ce maganar, da irinta babanka ya ci zaɓe. Na zabura, gyaɗar da ke cinyata ta zube ƙasa.

Na san ba ka kama suna ba. Amma masu faci nawa ne a bakin tashar nan? Ni da nake mace a cikin gida, a wani garin ma, na gane Malam Idi kake nufi, mai 'ya'ya matan nan da ke kusa da masallacin tasha. Kai da bakinka ka taɓa cewa ɗaya daga cikin yaran da aka ɗaure ɗan maƙwabcinsa ne, wani kuma ya tsere ba a kama shi ba har yau. Idan ni na gane, su ma za su gane. Wannan ne ya hana ni sukuni, kuma a kansa nake rubuto maka.

Gaskiya Alhaji Sabo ya faɗa, da irin wannan labari babanka ya ci zaɓe. Kai kana can gabas wurin aiki a lokacin, labarin nasara kaɗai ya iske ka. Sauran labarin a tsakar gidana ya faru, bari in ba ka shi.

Lokacin da Malam, babanka, ya yi ritaya a matsayin sufeton 'yan sanda, muka zauna a gidansu na Tudun Wada, inda ya yi aikinsa na ƙarshe. Yana ganin garin duk nasa ne. Sa'ad da yake cikin kaki, in ya fito, dattawa su tsaya, samari su durƙusa, direbobi su sauko daga mota su gaishe shi. Ni ma kaina ya yi girma, ba zan ɓoye maka ba. In na aika kasuwa, mudun matar Sufeto yakan dawo da tozo. Muka ɗauka ƙauna ce. Da ya cire kaki, damina ɗaya ba a yi ba rabin masu durƙuson suka koma ɗaga hannu daga nesa, mudun ma ya dawo daidai da na kowa. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, ni ma haka. Kuskurenmu na farko ke nan: ba mu bambanta wanda yake gaishe da mutum da wanda yake gaishe da riga ba. Kai ma yanzu za ka ga ana ta sara maka ana Saja, Saja. Ka amsa da fara'a, amma kada ka ɗora lissafinka a kai.

Abin da na gane daga baya shi ne, waɗanda suka yarda da ɗan sanda da gaske ba su ne masu gaishe shi a fili ba. Su ne waɗanda in sun hango shi a kasuwa suke kau da kai kamar ba su san shi ba. Sukan zo ta baya, ko su aiko matansu, ko su tsaya kamar masu neman ruwan sha su faɗi kalma biyu su wuce. Duk aikin da aka yaba wa babanka, in ka tona za ka tarar da wani bawan Allah a ƙarƙashinsa, wanda ya sa wuyansa ya faɗi abin da ya sani, ya koma gida yana addu'ar kada a taɓa jin sunansa. Cikinsu akwai Dudu.

Ba lallai ka tuna ta ba. Bafillatana ce daga rugar da take yamma da gari, doguwa, mai yawan dariya, ita ke kawo mana nono kullum da hantsi. Innar Abba take ce mini. Akwai wata ƙwaryarta mai zane da take zaune a gidanmu: ta juye nono a ciki, in mun sha in wanke, in cika mata ita da gero, gobe ta juye geron a buhunta ta sake zuba nono. Haka muke yi, ba ciniki ba musu. In ta sauke kaya takan zauna a ɗakin girki ta miƙe ƙafa, ta yi ta tsokanata wai mu Hausawa ba mu iya dama fura ba, muna kashe ta da ruwa. Ni kuma in ce su in ba don geronmu ba da iska za ta ɗauke su. Ba ni da 'yar'uwa a garin nan, ita ce ta zame mini.

Wata shekara, Malam yana kan aiki, satar shanu ta yi yawa. Aka kwashe na makiyaya, aka bi har cikin gari aka kwance shanun huɗa na manoma ana dab da shuka. Mutanen gari suka fusata, suka ce ba kowa ba ne sai 'yan ruga, har aka fara maganar a je a cinna musu wuta. Malam ya yi ta kai da kawowa tsakanin dagaci da Ardo, ba wanda ya ce ya ga komai.

Ran nan Dudu ta shigo ba dariya. Ta juye nono, ta zauna, na ba ta ruwa ba ta sha ba. Can ta matso ta ce mini ɓarayin baƙi ne daga nesa, amma mai nuna musu hanya Sambo ne, ƙanin mijinta Buba. Ta ce shanun suna wani kwari cikin daji wajen Doguwa, ana jiran motar da za ta kwashe su. Ta ce ba don ƙin Sambo ta faɗa ba, ita ta goya shi ma yana ƙarami lokacin da aka kawo ta gidan. Amma in aka sa wa ruga wuta, 'ya'yanta suna ciki. Na tambaye ta ko in gaya wa Malam. Ta ce abin da ya kawo ta ke nan, sai dai kada sunanta ya fita daga ɗakin nan. Na kama hannunta na yi mata alkawari. Malam ma da na gaya masa ya ɗauki alkawarin.

Aka je aka tarar da shanun inda ta ce. Aka kama baƙin, aka kama Sambo, wutar da ake shirin kunnawa ta mutu. Malam ya ce wa kowa sawu ya bi, aka yarda, har aka riƙa cewa Sufeto ya fi maharba sanin daji. Sambo ya yi zamansa a gidan yari, ya fito da ciwon ƙirji, bai daɗe ba ya rasu. Uwarsu ta yi rantsuwa a gaban jama'a cewa ba za ta yafe wa wanda ya tona shi ba, domin ita ba ta taɓa yarda da maganar sawu ba. Dudu ce ta dafa abincin zaman makokin. Ta ci gaba da kawo mini nono, ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Shekaru suka wuce a kan haka, asiri a rufe.

Sai zaɓen ƙananan hukumomi ya zo, wanda aka yi ba jam'iyya. Mutane suka taso Malam ya tsaya kansila, aka ce tsaro ne damuwar mazaɓar, wa ya fi shi sani? Gidanmu ya cika. Masu manyan riguna a zaure, samari a ƙofar gida, ni da maƙwabta muna ta tuƙa tuwo kamar ana biki. A nan ma mun yi kuskure. Tsofaffin nan masu zuwa a hankali su faɗi damuwarsu suka rasa ta inda za su shigo, suka daina zuwa, mu kuwa hayaniya ta hana mu lura. In ka kama gida a can, ka bar wani lokaci da zaurenka zai zama ba kowa, ko da masu kamfe za su ce kana musu rowar fuska. Mai maganar gaske ba ya yin ta a gaban taro.

Abokin karawar babanka wani ɗan kasuwar hatsi ne mai kaifin baki. Duk inda ya tsaya sai ya ce ɗan sanda ba shi da aboki, kaki ake tsoro, wa ya taɓa ba ɗan sanda amana? Maganar nan ta riƙa cin Malam, domin ta taɓa inda yake masa ciwo. Yakan dawo gida ya ƙi cin abinci, ya ce da mutumin nan ya san waɗanda suka ba shi amanar rayukansu da ya kama bakinsa. Ni kuma maimakon in kwantar masa da hankali, sai in taya shi fushi, in ce ai gara a nuna musu. Ban ce ya faɗi labarin Dudu ba, ko a mafarki ban kawo zai faɗa ba. Amma mai ɗaukar zafi ba zuga yake bukata daga matarsa ba. Ka lura da wannan a kanka: ranar da abokin takara ya soke ka a inda yake maka ciwo, ranar ce ya kamata ka fi kowa yin shiru, domin abin da zai fito daga bakinka ba hankali ne zai zaɓe shi ba.

Ranar kasuwa aka yi babban gangami. Ban je ba, amma an maimaita mini maganar har na haddace ta. Ya hau duro, ya karɓi lasifika ya ce: "An ce ba a ba ɗan sanda amana. To, kun tuna shanun da aka dawo muku da su daga dajin Doguwa? Ba sawu na bi ba. Mace ce mai tallar nono ta shigo har cikin gidana, ta gaya wa iyalina abin da ba ta iya gaya wa mijinta ba. In wannan ba amana ba ce, mece ce?"

Kasuwa ta ɗauki sowa. Yara suka rugo gida suna cewa Sufeto ya gama da su, matan da ke tsakar gida suka rangaɗa guɗa, ni ma na rangaɗa tawa. Allah Ya gani, a lokacin ba abin da ke raina sai daɗin an rama wa mijina. Bai kama suna ba, kamar yadda kai ma ba ka kama ba. Shi a ganinsa yabonta ma ya yi.

Abin da bai tuna ba shi ne ranar kasuwa ce. Masu nono suna jere a gindin tsamiya, taku kaɗan daga inda ya tsaya, Dudu tana cikinsu da ƙorenta a gabanta. Mazan rugarsu suna kara wajen shanu, lasifika tana kai musu. Kuma duk garin an san mai nono ɗaya ce take shiga gidan Sufeto. Wadda take zaune kusa da ita ta gaya mini daga baya cewa matan nan duk suka juyo a lokaci guda suna kallonta. Ita kuwa ta rufe ƙorenta da faifai, ta ɗora a ka, ta tashi.

Washegari na wanke ƙwarya na cika ta da gero kamar kullum. Hantsi ya yi, rana ta take, ba ta zo ba. A nan ne hankalina ya dawo jikina. Na shiga wurin Malam na ce masa Dudu ba ta zo ba. Ya dube ni, na ga fuskarsa ta sauya. Ya zauna a bakin gado ya dafe kai.

Labarin abin da ya faru a ruga ya zo mana a gutsure. Buba yana son matarsa, kowa ya shaida. Amma uwarsa ta ce ko ita ko wadda ta kashe mata ɗa, 'yan'uwansa suka tsaya bayan tsohuwa. Ya sake ta. Aka riƙe yaran, har da ƙaramar da ba a daɗe da yaye ba. Yaran nan da ta sa wuyanta domin kada wuta ta ci su, su aka raba ta da su.

Bayan 'yan kwanaki ta zo. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ga mutum a bakin ƙofa, da ƙullin kaya a ka, ba ƙoren nono. Ta rame har sai da na sake dubawa. Na ce ta shigo, ba ta motsa ba. Na fara rantsuwa ina ba ta haƙuri, ina cewa Malam bai yi nufin sharri ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, a hankali, ba faɗa ba kuka:

"Innar Abba, ke na gaya wa. Ban gaya wa kasuwa ba."

Na ruga ɗaki na ɗauko ƙwaryarta da geron a ciki, ko don in sami abin miƙa mata. Kafin in fito ta juya. Na bi ta har ƙofar gida ba mayafi, na ga ta miƙe hanyar kudu, wajen da danginta suke can gaba da Doguwa. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Malam ya ci zaɓe, da rata mai yawa ma. Aka yi kiɗa a ƙofar gida, ni ina ɗaki na kulle kaina. Ga abin da Alhaji Sabo bai gaya maka ba, wataƙila bai ma sani ba: tun daga ranar kasuwar nan ba wanda ya sake gaya wa babanka komai. Waɗanda suka yi masa tafi, da suka koma gida suka yi tunani. Kowa ya ce a ransa, wanda ya faɗi na mai nono yau, gobe nawa zai faɗa. Ana gaishe shi, ana Ranka ya daɗe Kansila, zaure cike da masu neman taki da masu neman a sa musu hannu a takarda. Amma in wani abu yana dahuwa a gari, shi ne na ƙarshen ji. Aka sa shi shugaban kwamitin tsaro saboda ƙwarewarsa, ya zauna a kai kamar makaho. Da kaka ta zo shanu suka shiga gonar wani, aka kwana biyu ana haɗa sanduna, aka yi faɗa har aka zubar da jini, shi yana gida bai sani ba. A da, kafin a ɗaga sanda ɗaya wani ya riga ya raɗa masa. Ya nemi kujerar ne domin ya tsare mutane, abin da zai tsare su da shi kuwa ya riga ya zubar a kan duro.

Ya je ruga da kansa neman gyara. Ardo ya shimfiɗa masa buzu, aka kawo masa nono, aka gaisa da mutunci. Da ya tayar da maganar Dudu, Ardo ya ce su ba su san wata magana ba, Allah Ya ba Kansila nasara. Haka ya dawo. Bayan wata damina rugar ta tashi gaba ɗaya. Ya riƙa hawa mota ranar kasuwannin ƙasar Doguwa, ya tsaya wajen masu nono yana tambaya. Ka san yadda suke in baƙo ya zo tambayar tasu, balle tsohon ɗan sanda. Kowace sai ta ce ba ta san ta ba. Wataƙila ma tana zaune a wurin ta juya baya.

Da wa'adinsa ya ƙare aka ce ya sake tsayawa, ya ce ya ƙoshi. Kun ɗauka gajiya ce da tsufa, na bar ku a haka. A ciwonsa na ajali, in mai nono ta yi sallama a ƙofar gida, sai ya ɗago kai daga filo ya ce in leƙa in ga wace ce. Nakan leƙa, in dawo in ce ba ita ba ce. Haka muka yi ta yi har Allah Ya karɓi abinSa. Babanka mutumin kirki ne, Abba, bai taɓa zaluntar kowa da saninsa ba. Magana ɗaya ya yi, ta gaskiya, ba ƙarya a cikinta ko kaɗan, ta rushe gidan baiwar Allah, ta bi shi har kabari.

To, ga abin da nake roƙonka. Kada labarin mai faci ya fito daga bakinka a kan duro, ko da suna ko ba suna. Kada ka ce za ka sauya shi ka ce mai shayi ne ko mai wankin mota. Sai ka jefa wani da bai ji ba bai gani ba cikin masifa. Labarin ba naka ba ne. Kai albashi aka biya ka, aka ƙara maka igiya a hannun riga. Malam Idi ba abin da ya samu sai fargaba, kuma shi zai ci gaba da zama a bakin tashar nan, rumfarsa ba ƙofa, 'ya'yansa mata suna bin hanyar nan zuwa islamiyya. Dudu aurenta da 'ya'yanta ta rasa. Waɗanda Malam Idi ya tona kuwa masu bindiga ne.

Na san wayonka, za ka ce bari ka je ka nemi izininsa. Kada ka je. Talaka mai faci, ga Saja wanda ake cewa gobe shi ne kansila ya tsaya a kansa yana roƙo, da wane baki zai ce a'a? Zai ce ba komai, ya koma gida ya kasa barci. Tsayuwarka ma a rumfarsa cikin kwanakin nan magana ce. In tayarka ta yi faci, kai ta wani wuri.

Akwai ɓarnar da ta riga ta faru, domin ka faɗa a gaban waɗanda suke zaure ranar nan. Da ka sauka, kafin ka sha ruwa, ka nemi Alhaji Sabo da mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Ka gaya musu maganar nan ta mutu a inda aka yi ta, kuma duk ranar da ka ji ta a bakin wani maroƙi ko mai lasifika, ranar za ka janye takara. Ka faɗa da fuskar da za su san ba wasa kake ba. Alhaji Sabo zai yi tsalle ya dire, ya ce ka zubar da makaminka mafi kaifi. Bar shi ya yi. Shi in an faɗi zaɓe gobe zai sami wani ɗan takarar ya bi. Kai ne za ka tsaya gaban Allah da amanar mutumin nan.

Za ka ce to me za ka faɗa wa jama'a? Faɗi abin da yake naka. Ka ce ka yi aiki, ka san hanya, ka san daji, ka san yadda ake shiga tsakanin manomi da makiyayi kafin a zare sanda. In aka ce kawo hujjar cewa mutane sun yarda da kai, ka ce waɗanda suka yarda da kai sun san kansu, kuma ba za ka taɓa nuna su ba. 'Yan sowa ba za su yi maka tafi a kan wannan ba. Amma a bayan taron akwai masu tsayawa shiru, hannu a baya, su za su ji abin da ka ce. Ko za su isa su kai ka kujera, ban sani ba, ba kuma zan yi maka ƙaryar cewa za su isa ba. Mai yiwuwa ka faɗi. In ka faɗi, ka hau mota ka dawo Kiru, gonar kakanka tana nan, tuwo yana nan, ba wanda zai yi maka dariya a gidan nan. Na taɓa zama matar wanda ya ci zaɓe, na san ɗanɗanonsa.

A ƙasan jakarka, ƙarƙashin manyan rigunanka, za ka ga wani abu naɗe cikin tsohon zanina. Ƙwaryar Dudu ce. Da muka taso daga Tudun Wada na bar tukwane da gadaje, ita kam na rungumo ta a cinya har Kiru. Duk kaka nakan zubar wa kaji tsohon geron, in wanke ta, in zuba sabo. Na bana ne a ciki, na ɗaure bakin da ƙyalle, ka bi ta a hankali ta tsufa. Ka ajiye ta inda idonka zai faɗa a kanta safiyar ranar kasuwa, kafin ka sa hula. Kuma tun da yawon kamfe zai kai ka ƙauyuka, in Allah Ya sa wata rana ka ji labarin wata tsohuwa doguwa mai suna Dudu, ko wani daga cikin 'ya'yanta, kada ka yi dogon bayani, kada ka nemi yafiya a madadin kowa. Ka miƙa mata kawai, ka ce Innar Abba ta ce ga geronta.

Allah Ya yi maka albarka, Ya zaɓa maka abin da ya fi alheri, kujera ko rashinta. Ya tsare maka harshenka kamar yadda nake roƙon Ya tsare maka ranka. Allah Ya rufa wa Malam Idi asiri, Ya raya masa 'ya'yansa a gabansa. Ya jiƙan babanka, Ya yafe masa. Ita kuma, in tana raye Allah Ya haɗa ta da 'ya'yanta. In ta riga mu, Ya sa ta huta.

Wassalam.

Mahaifiyarka.